Kurakuran da aka fi yi wajen gane tsutsar kadis mai saƙa raga a rafi, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse a cikin rafi mai gudu ya juya shi, to da wuya ace bai ga wata 'yar tsutsa tana rarrafe da baya-baya tana neman wajen ɓuya ba, a gefenta kuma wani ɗan tarin tsakuwa da aka manne da zare, da wata 'yar raga ƙarama da ta kwanta tunda an fiddo ta daga ruwa. Wannan ita ce tsutsar kadis mai saƙa raga. Uwarta ƙwaro ce mai fiffike, zaka ɗauka faɗa-wuta ce in ka ganta da dare wajen fitila, amma gashi ne a fiffikenta ba gari ba, shi yasa ma masana suka kira rukunin gaba ɗaya Trichoptera, wato masu fiffiken gashi a harshen Girka. Ita tsutsar a ruwa take rayuwarta, tana saƙa raga da siliki daga bakinta, ruwa ya kawo mata abinci ta bi ta tsince.

Abun da yasa na zauna rubuta wannan shine yadda nake ganin ɗalibai da masu sa ido kan lafiyar koguna suna maimaita kuskure iri ɗaya, kuma kuskuren baya tsayawa a takarda, dan da sunan da ka rubuta ake auna rafin, a ce lafiyarsa lau ko a ce ya gurɓace. Gaskiya abun yana damuna, dan mafi yawan kurakuran nan na minti biyu ne gyaransu in mutum ya san inda zai duba.

Babban kuskure, wanda daga shi sauran suke fitowa, shine a ɗauka cewa "mai saƙa raga" dangi ɗaya ne. Mutum ya ji ana cewa Hydropsychidae sune masu raga, shikenan duk tsutsar da ya gani babu gida a bayanta sai ya rubuta Hydropsychidae ya wuce. Alhali akwai Philopotamidae, akwai Polycentropodidae, akwai Psychomyiidae, akwai Ecnomidae, da wasu ƙananan dangi irin su Dipseudopsidae da Stenopsychidae, duk suna saƙa wani abu da siliki su zauna a ciki, kuma duk babu wadda take jan gida a bayanta kamar sauran 'yan uwansu masu gidan yashi ko na itace. Gyaran shine ka saba wa idonka duba wurare uku a jere kafin ka buɗe baki: bayan ƙirji, ƙasan ciki, sai wutsiya.

Bayan ƙirji tukuna. Bayan kai akwai gaɓoɓi uku, kowacce da ƙafa biyu. Ka duba ta sama ka ƙirga gaɓa nawa ce take da sulke, wato wani faranti mai tauri mai launin ƙasa ko baƙi. In duka ukun suna da sulke, to ka kusa. Sai ka juya ta rigingine ka duba ƙasan ciki, in kaga wasu fararen abubuwa masu rassa kamar ƙananan bishiyoyi a jere, waɗannan da su take numfashi, zan riƙa kiransu rassan numfashi. Sai ka je wutsiya, zaka ga ƙafafu biyu na ƙarya kowacce da ƙugiya ɗaya, kuma kusa da ƙugiyar akwai tuntun dogon gashi kamar burushi. Sulke uku, rassan numfashi a ƙasan ciki, burushi a wutsiya, in ukun nan sun haɗu to Hydropsychidae ce babu tantama. In ɗaya ya ɓace to ka dakata, kada ka ce "ai kusan ɗaya ne".

Dalilin da yasa nace ka dakata shine Ecnomidae. Ita ma sulke uku ne da ita cif, kuma a Afirka da Ostareliya da kudancin Asiya ba baƙuwa bace ko kaɗan, ana samunta a ruwa mai tafiya a hankali har da tafki. Wanda ya tsaya a ƙirga sulke kawai zai zuba ta cikin Hydropsychidae. Amma in ka juya ta zaka ga cikinta sumul, babu rassan numfashi ko ɗaya, kuma babu burushin nan a wutsiya. Haka Hydroptilidae, su ma sulke uku ne, sai dai ƙanana ne ƙwarai, da wuya su wuce milimita 5 ko 6, kuma sai a matakinsu na ƙarshe suke gina gida, cikinsu ya kumbura ya fi ƙirji kauri. Kafin nan yawo suke tsirara, 'yan mitsi-mitsi, to anan ne ake rikita su da jariran Hydropsychidae.

Toh, in kuma gaɓar farko ce kaɗai take da sulke, sauran biyun laushi ne da su kamar ciki, anan aiki yake, kuma anan naga mutane sun fi faɗuwa. Dangi uku ne zasu zo maka, Philopotamidae da Polycentropodidae da Psychomyiidae, duk basu da rassan numfashi, duk dogaye ne sirara, in suka sha itanol, wato ruwan sinadarin da ake adana su a ciki, suka yi fari sai ka rantse abu ɗaya ne.

Philopotamidae ana gane ta da leɓen sama. Nata leɓen fari ne mai laushi, ya buɗe a gaba kamar harafin T, da shi take share ragarta tana tattara ƙananan abinci. Kuskuren anan shine, da yawa in sun mutu a cikin itanol sai leɓen ya shige ciki, mutum ya duba yaga babu T sai ya tsallake dangin gaba ɗaya ya tafi Polycentropodidae. Gyara: ka sa siririyar allura ka ɗan danna ƙasan kai a hankali ko ka jawo gaban bakin, leɓen zai leƙo. In bai fito ba ka duba wata daga cikin samfurin, da wuya ace duka sun shige. Sannan kan nata dogo ne mai santsi, launin ruwan lemo ko ja-ja, babu ɗige-ɗige, kuma gefen baya na sulken yana da baƙin layi. In kaga gaban kan yana da wani gibi a karkace, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, to mai yiwuwa Chimarra ce, ita ce gida mafi girma a dangin (gida anan wato rukunin jinsuna da ke ƙarƙashin dangi) kuma ta cika ƙasashe masu zafi. Wasu in sun ga gibin sai su ɗauka kan ne ya fashe wajen kamu, su jefar da samfurin, alhali halittarta ce haka.

Polycentropodidae kuwa leɓenta mai tauri ne a zagaye, kuma sau da yawa kanta yana da ɗige-ɗige masu duhu, wuraren da tsoka ta kama ne daga ciki. Amma kada ka dogara da ɗigon kaɗai. Abun da ke raba ta da Psychomyiidae wani ɗan ƙaho ne a gindin ƙafar gaba, ta wajen kafaɗa, a littattafai ana kiransa torokantin. A Polycentropodidae ƙahon yana da tsini kamar ƙaya. A Psychomyiidae faffaɗa ne kamar bakin gatari, kuma akwai layi da ya raba shi da jiki. Matsalar ita ce mutane na neman ƙahon nan ta sama, ba zaka taɓa ganinsa da kyau ta sama ba. Ka kwantar da tsutsar ta gefe, ka ja ƙafar gaba baya kaɗan da hantsaki, sai ya fito fili. Wannan ɗan ƙahon ka riƙe shi da kyau dan zamu sake dawowa kansa.

Akwai kuma wadda ba ta saƙa raga ko kaɗan amma kullum tana shiga cikin lissafi, Rhyacophila. Mafarauciya ce mai yawo, a raye galibi koriya ce, gaɓoɓin cikinta sun matse a tsakani kamar an ɗaɗɗaure da zare, wasu jinsunan ma suna da tuntun numfashi a gefe wanda ke sa a ɗauka Hydropsychidae ce. Ka lura, nata a gefe suke ba a ƙasan ciki ba, sulkenta ɗaya ne, kuma tana da wani ƙaramin faranti mai tauri a saman gaɓar ciki ta 9 wanda dangin nan uku da na ambata basu da shi.

Kuskure na gaba na masu gaggawa ne: a ga raga a dutse a sa wa tsutsa suna. Na fahimci dalilin, ragar tana da kyau kuma kowane dangi da salon saƙarsa. Hydropsychidae tana gina ɗan ɗaki da tsakuwa da guntayen ganye, a bakin ɗakin ta kafa raga mai ido huɗu-huɗu a tsare tana fuskantar ruwa. Philopotamidae tana saƙa dogayen jakunkuna kamar yatsun safar hannu a ƙarƙashin dutse, idon ragarta shine mafi ƙanƙanta a duk cikin kadis, ido baya ganinsa. Wasu Polycentropodidae irin Neureclipsis suna yin kamar mazurari mai lanƙwasa a ruwa mai tafiya sannu, wasu kuma bututu ne da zaruruwa a baki suna jiran abun da zai taɓa su cafke. Psychomyiidae dogon rami take yi mai karkace-karkace a jikin dutse ko itace, an lulluɓe da lallausan yashi. Duk wannan gaskiya ne kuma yana taimakawa. Amma dutse ɗaya zai iya ɗaukar dangi uku ko huɗu, kuma da zarar ka ɗaga shi kowa ya fice daga ɗakinsa ya ruga, wadda ka tsinta kusa da raga ba lallai ita ta saƙa ta ba. Ga shi ragar Philopotamidae da an fito da ita daga ruwa sai ta faɗi ta zama kamar majinar laka, ba zaka ce raga bace. Kuma a wuraren da ake tsananin sanyi wasu Hydropsychidae suna rage saƙa ko su daina a lokacin hunturu, suna nan a ɗakinsu amma babu raga. In kana son ka haɗa raga da mai ita, ka duba dutsen tun yana cikin ruwa, da bokiti mai gindin gilashi ko wani abu makamancin haka, ka cire ɗakin ɗaya da tsutsarsa ka sa a kwalba daban. Raga shaida ce ta ƙari, jiki shine hukunci.

Kuma ba kadis kaɗai ke saƙa a rafi ba, wannan ma ana mantawa. Akwai tsutsar Chironomidae mai suna Rheotanytarsus, tana gina ɗan bututu da 'yan sanduna a baki ta ɗaura zare tsakaninsu tana tace ruwa. Akwai tsutsar Simuliidae, ɗan baƙin ƙudan nan mai cizo wanda wasu jinsunansa ke yaɗa makantar kogi, tana manne gindinta da siliki a dutse a daidai wurin da Hydropsychidae ke so. Waɗannan biyun sauƙi ne da su, basu da ƙafafu shida masu gaɓa, in babu ƙafa shida to ba kadis bace, magana ta ƙare. Wadda ta fi ruɗi ita ce tsutsar faɗa-wutan ruwa irin Petrophila ta nahiyar Amurka, tana shimfiɗa rumfar siliki a kan dutse a ruwa mai gudu, ga ƙafa shida ga zaren numfashi, sai ka duba tsakiyar cikinta ta ƙasa kaga 'yan ƙafafun ƙarya masu zoben ƙananan ƙugiyoyi, kadis bata da wannan. Sai Corydalidae, ƙananansu kan shiga hannu, su dogayen zaruruwa ne a gefen ciki kuma kowacce ƙafar wutsiya ƙugiya biyu ce da ita.

Wani abun kuma, in Hydropsychidae ta gama girma za ta shiga kwanci kafin ta fito da fiffike, sai ta gina wani ɗan ƙubba na tsakuwa ta manne shi gam a dutse. Da yawa in sun ga wannan sai su rubuta kadis mai gida, musamman Glossosomatidae masu gida kamar ƙoƙon kunkuru. Ka buɗe ka gani. Kuma kada ka zubar da abun da ke ciki, zan faɗi amfaninsa.

Yanzu maganar launi, wadda ita ce ta fi cin mutane a zamanin hoton waya. Mutum ya ɗauki hoto, ya shiga intanet ya ga wata mai kama, koriya da baƙin kai, shikenan ya kwafi sunan har jinsi. Haba ɗan'uwa. Launin ciki yana bin abun da ta ci da kitsen jikinta, jinsi ɗaya zaka samu kore da ruwan ƙasa da toka-toka a dutse ɗaya, kuma duk koren nan kwana kaɗan a itanol ya tafi. Wadda ta yi saɓa yanzu-yanzu kuwa fara ce fat har kanta, sulken bai yi duhu ba tukuna, sai a ce ai bata da sulke, a kai ta wani dangi daban. In ka samu irin wannan ka karkata hasken fitila ta gefe, zaka ga gefunan farantin da ƙyallinsa ko da babu launi. Zanen da ke saman kai, wato fararen tabo a kan baƙi da ake gani a Hydropsyche, shi yana da amfani sosai wajen raba jinsuna, amma shi ma yana da masu duhu da masu haske a cikin jinsi guda, wani lokacin tabon ya haɗe wani lokacin ya kusa ɓacewa. Shi yasa ba a yanke hukunci da tsutsa ɗaya, ka jera goma ka duba.

Sai ƙanana. Tsutsar kadis matakai 5 take bi, tana saɓa tsakanin kowanne, kuma kusan duk makullan tantancewa da ke littattafai, wato jerin tambayoyin da kake bi ɗaya bayan ɗaya har su kai ka suna, an rubuta su ne dan mataki na 5, wani lokacin na 4 ya shiga. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauki jaririya ya bi makulli da ita layi-layi, kuma makulli baya cewa "ban sani ba", dole ya kai ka wani suna. A matakin farko rassan numfashin Hydropsychidae basu fito ba, a na biyu 'yan kaɗan ne marasa rassa sosai, zanen kai bai nuna ba, ƙahon kafaɗa bai gama siffarsa ba. Kaga kenan jaririyar Hydropsychidae za ta iya kai ka Ecnomidae kai tsaye. Kuma tsawon jiki ba ma'auni bane dan ciki yana miƙewa yana takurewa, faɗin kai ake aunawa, shi baya canzawa sai an yi saɓa. Ka auna kawunan duk waɗanda ka kamo, zaka ga sun rabu gida-gida, ka ɗauki masu manyan kai ka tantance da su, ƙananan kuma ka tsaya a dangi ka rubuta haka. Babu kunya a rubuta "Hydropsychidae, ƙanana". Ni a wurina wanda ya tsaya a inda samfurinsa ya tsaya ya fi wanda ya cika takarda da sunayen jinsi na zato.

A cikin Hydropsychidae kanta, rikicin da ba ya ƙarewa shine Hydropsyche da Cheumatopsyche. Suna zama tare, dukansu ƙahon kafaɗarsu ya rabu biyu kamar baki, kuma abun da mutane ke yi shine su ce babba Hydropsyche ƙarama Cheumatopsyche. To ƙaramar Hydropsyche fa? Wasu kuma sun ji cewa Cheumatopsyche tana da ɗan gibi a tsakiyar gaban kai, sai su riƙe wannan kaɗai, gaskiya ne da yawa suna da shi amma ba duka ba. Inda ake dubawa shine ƙasan gaɓar farko ta ƙirji. Tsakanin ƙafafun gaba akwai faranti, a bayansa cikin lanƙwasar fata akwai wasu ƙananan faranti guda biyu. A Hydropsyche manya ne ana ganinsu sarai, a Cheumatopsyche 'yan ɗigo ne can gefe ko ma ka rasa su. Wahalar ita ce tsutsar tana mutuwa a lanƙwashe kamar harafin C, fatar ta rufe wurin, mutum ya duba bai ga komai ba sai ya ce Cheumatopsyche. Dole ka kwantar da ita rigingine, ka danne ciki da hantsaki ɗaya, ka tura kai baya da ɗayan har lanƙwasar ta buɗe. In ka zuba ɗan lallausan yashi mai tsabta a gindin kwanon da kake duba ta a ciki ka rufe da itanol, zaka iya kafa ta yadda kake so ta tsaya. Kuma ka tabbata ruwan ya rufe ta gaba ɗaya, in rabinta na waje ƙyalli zai hana ka ganin komai kuma ta bushe ta yamutse.

Tunda kana ƙasan kai, ka ɗan tsaya ka kalli wasu siraran layuka a jere a gefe biyu kamar zarto. Da su take yin ƙara, tana goga su da wani tudu a cinyar ƙafar gaba in wata ta zo ƙwace mata ɗaki. Ni duk lokacin da na gani sai na tsaya, ƙaramar halitta a ƙarƙashin ruwa tana gargaɗin maƙwabciyarta da sauti, ikon Allah. Kuma alama ce mai kyau ta dangin.

Wani kuskuren da ba laifin ido bane shine amfani da littafin wata nahiya. A Birtaniya gida uku ne kacal na Hydropsychidae, Hydropsyche da Cheumatopsyche da Diplectrona, to makullin da aka rubuta dan can ba zai taɓa kai ka Macrostemum ko Amphipsyche ko Polymorphanisus ba, waɗanda ke manyan kogunan ƙasashe masu zafi, sai dai ya tura ka cikin ukun nan ƙarfi da yaji. A Kudancin Amurka Smicridea da Leptonema ne suka cika rafuka. A rafukan duwatsu masu sanyi na Arewacin Amurka da Asiya akwai Arctopsyche da Parapsyche, manya masu raga mai faɗin ido dan sun fi cin ƙananan ƙwari. Macrostemum kuwa saman kanta a baje yake da wani tudun layi da ya zagaye shi, ƙafafun gabanta da gashi mai yawa, idon ragarta kusan maikiron 5 ne a 40 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ƙura-ƙuran abinci take tacewa. In tsutsarka ta ƙi zama daidai a kowane reshe na makulli, kada ka matsa mata, ka duba bangon littafin ka ga dan wace ƙasa aka yi shi. Ka duba shekararsa ma, dan tsofaffin littattafan Amurka suna ware Ceratopsyche a matsayin gida daban, yanzu masana da yawa sun mayar da ita cikin Hydropsyche, in ka haɗa tsohon rahoto da sabo ba tare da lura ba sai ka ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Batun jinsi kuwa, a san cewa ana raɗa wa kadis suna ne daga balagaggen namiji mai fiffike, da siffar al'aurarsa, kuma a wurare da yawa na duniya ba a riga an haɗa tsutsa da uwarta ba. Ko a Turai inda aka yi aikin sosai sai an bi ƙananan abubuwa, misali Hydropsyche siltalai ana gane ta da rashin rassan numfashi a gaɓar ciki ta 7, wanda ke nufin sai ka iya ƙirga gaɓoɓi daidai, kuma mutane kan fara ƙirgar daga gaɓar ƙirji ta uku su ɓata lissafi. Gaɓar da ke bin ƙafafun ƙarshe ita ce ta 1. Anan ne ƙubbar kwancin nan take da amfani: in wanda ke ciki ya kusa fita, al'aurarsa ta riga ta bayyana, kuma ɓawon kai da sulken tsutsar da ya saɓe suna nan a dunƙule a ƙarshen ɗakin, kaga ka samu tsutsa da babba a kwalba ɗaya. Ko kuma a bi ta gwajin DNA, amma wannan sai an adana samfurin a itanol mai ƙarfi kamar kashi 95. In dan duba siffa ne kawai, kashi 70 zuwa 80 ya isa, mai ƙarfi sosai yana sa jiki ya yi tauri ƙafafu su riƙa karyewa. In ka cika kwalba da ƙwari da ganye to ka canza itanol ɗin washegari dan ruwan jikinsu ya tsinka shi, in ba haka ba rassan numfashi su ruɓe su zube, ka dawo kana cewa bata da su. Takardar bayani kuma da fensir, a cikin kwalbar, biro wankewa yake.

Na bar wannan a ƙarshe dan shine inda duk kurakuran baya suke zama matsala ta gaske. An koya wa mutane cewa kadis alamar ruwa mai tsabta ce, tana cikin rukunin ƙwarin ruwa uku da ake auna tsabtar ruwa da su, waɗanda ake kira EPT (Ephemeroptera, Plecoptera da Trichoptera), sai mutum ya ɗaga dutse ya ga Hydropsychidae ɗari ya ce rafi lafiya lau. Alhali dangin nan suna cikin masu juriya a kadis, kuma sun fi yawa a ƙasan madatsar ruwa da bakin da tafki ke zubowa da inda ɗan ƙazantar taki ko najasa ta ƙara abinci a ruwa, tunda tacewa suke, abinci ya ƙaru su ƙaru, in dai ruwan yana gudu da iska a cikinsa. A ma'aunin BMWP na Birtaniya, wanda ke ba kowane dangi maki gwargwadon yadda yake buƙatar ruwa mai tsabta, maki 5 ake ba Hydropsychidae cikin 10, Polycentropodidae 7, Philopotamidae da Psychomyiidae 8. Kaga in ka kira Philopotamidae da sunan Hydropsychidae ka rage wa rafi daraja, in ka yi akasin haka ka wanke rafin da ke buƙatar a duba shi. A makamancinsa na Afirka ta Kudu, wato SASS5, ma abun ya fi haka, jinsi ɗaya na Hydropsychidae maki 4 ne, biyu maki 6, fiye da biyu maki 12, wato yawan iri ake nema ba yawan kai ba, kuma wanda ya ƙirga mai sabuwar saɓa da ƙarama da babba a matsayin iri uku ya ɗaga makin daga 4 zuwa 12 da kuskure ɗaya. Dan haka in kaga dutse ya cika da iri ɗaya tal, babu sauran dangi, babu sauran ƙwarin EPT, ka rubuta hakan a fili, ka haura sama da rafin ka ga me ke shigowa, ka kuma duba rassan numfashin nasu ko sun yi baƙi da ragar ko idanunta sun karkace sun haɗe, dan an ga irin wannan a ruwan da ƙarafa masu guba ko maganin ƙwari suka shiga.